Ɗigon Maiƙo da Tafiyar Magani Daga Baki Zuwa Jini

Ya ku jama'a masu sauraronmu na Pelebina da Jugu da Paraku, da na rugage da ƙauyukan da ke tsakaninsu! Shirinmu na yau ya shafi wata mas'ala ta ilmin ɗibbu, wadda a zahirinta za a ce ba ta dami kowa ba sai malaman jami'a, amma wanda ya bi ta da natsuwa zai tarar reshenta ya shiga kowane gida da aka taɓa jinyar zazzaɓin cizon sauro a cikinsa, watau dai kowane gida a wannan ƙasa tamu. Mas'alar kuwa ita ce: idan mutum ya haɗiyi magani, mene ne yake sa wani ya ratsa hanji ya isa cikin jini ya yi aikin da aka sha shi dominsa, wani kuwa ya bi ta ciki ya fice ba tare da jiki ya amfana da shi ba sai ɗan kaɗan?

Tun shekarar 2004 hukumomin lafiya na Jamhuriyar Benin suka bar dogaro da kulorokwin, bayan ƙwayar cutar ta daina jin tsoronsa, suka koma ga wani magani mai haɗi biyu, atemita da lumefantirin, wanda galibinmu muka sani da sunan Coartem. Asalin sinadaran biyu daga ƙasar Sin yake, inda wata malama mai suna Tu Youyou da abokan aikinta suka fitar da uwar atemita daga wani tsiro a 1972, aikin da ya sa aka ba ta lambar Nobel a 2015. Kowace ƙwaya tana ɗauke da miligiram 20 na atemita da miligiram 120 na lumefantirin, kuma ana sha sau 6 cikin kwana 3. Atemita shi ne mai gaggawa, yana karya lagon cutar cikin sa'o'i kaɗan, sa'an nan ya bar jiki da wuri. Lumefantirin kuwa shi ne mai daɗewa, wanda aka ɗora wa nauyin share ragowar da ta tsira, domin kada zazzaɓin ya dawo bayan mako biyu ko uku. To, duk wanda ya taɓa karɓar wannan magani daga hannun ma'aikacin lafiya mai kula da aikinsa, ko a ɗakin shan magani na ƙauye ko a asibitin Jugu, ya ji an ce masa ya sha shi da abinci mai maiƙo ko da madara, kuma da yawa daga cikinmu mun ɗauki maganar a matsayin ladabin shan magani kawai, alhali kuwa sharaɗi ne daga cikin sharuɗɗan ingancinsa.

Dalili shi ne lumefantirin ba ya narkewa a ruwa, kuma ƙa'ida ce tabbatacciya wajen masana cewa abin da bai narke ba hanji ba ya iya tsotse shi. Idan maiƙo ya sauka cikin hanji, sai maɗaciya ta matso ruwanta, ruwan nan ya farfasa maiƙon ya mai da shi 'yan ƙananan ɗigo, maganin ya narke a cikinsu, su kai shi jikin bangon hanji. An auna wannan a jikin mutane masu lafiya, aka ga abinci mai kitse yana iya ninka abin da ke shiga jini na lumefantirin har sau 16, na atemita kuwa kamar sau 2. A 2007 wasu masu bincike a ƙasar Tailan suka so su san mafi ƙarancin maiƙon da zai wadatar, suka tarar giram 1.2 kacal, gwargwadon abin da ke cikin mililita 36 na madarar waken suya, ya isa a sami kashi 90 cikin 100 na iyakar abin da jiki zai iya ɗauka. Wannan bai kai rabin ƙaramin kofin shayi ba. Sai dai ga inda gizo yake saƙa: wanda zazzaɓi ya kayar, shi ne mutumin da ba ya son ko jin ƙamshin abinci, bakinsa da ɗaci, zuciyarsa na tashi, saboda haka lokacin da ya fi bukatar maganin shi ne lokacin da hanjinsa ya fi ƙarancin abin da zai karɓe shi da shi.

Daga irin wannan matsala, wadda ba ta taƙaita ga lumefantirin ba domin kaso mai yawa na sababbin magunguna haka ɗabi'arsu take, masana suka yi tunanin cewa maimakon a jira majinyaci ya ci maiƙo, ai gara a haɗa maganin da guzurinsa na maiƙo tun daga masana'anta. A farkon shekarun 1990 wani malami a Jamus, Rainer Müller, da wata malama a birnin Turin na Italiya, Maria Rosa Gasco, kowannensu ta hanyarsa, suka fito da dabarar yin ɗigon daskararren maiƙo. Ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce a narkar da kitse, a zuba maganin a ciki, a gauraya da ruwan zafi tare da wani abu dangin sabulu mai sulhunta mai da ruwa, kamar lesitin da ake samu a waken suya da gwaiduwar ƙwai, a tura haɗin da ƙarfin inji ta wata 'yar ƙofa matsattsiya, sa'an nan a bar shi ya huce, kowane ɗigo ya daskare da rabonsa na magani a cikinsa. Girman ɗigon nan yakan kama daga nanomita 50 zuwa 1000. Nanomita kuwa, idan aka raba milimita ɗaya gida miliyan, to kashi ɗaya ke nan. Kaurin silin gashin kan mutum ya kai nanomita dubu 70 ko fiye.

A nan ne muka iso ga zuciyar maganarmu. Kowane ɗigo daga cikin waɗannan, idan yana cikin ruwa, fatarsa tana ɗauke da cajin lantarki, ko dai mai alamar tarawa, ko mai alamar ɗebewa, irin alamomin nan biyu da kuke gani a kan batirin rediyonku, ko kuma ya zama babu rinjayen ko ɗaya. Hukuncin da Allah Maɗaukakin Sarki Ya ɗora wa wannan halitta shi ne masu alama iri ɗaya suna ture juna, masu alama mabambanta suna jawo juna. Idan kuna son ku ga wannan hukunci da idonku, ku dubi ƙwaryar madarar da 'yar Fulani ta tatsa da safe. Farin da kuke gani 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi ne da ke yawo cikin ruwa, kowace da cajin ɗebewa a bayanta, suna ture juna, shi ya sa madarar take zama tsararo. Idan ta kwana tsami ya shige ta, tsamin yakan ci wannan caji har ya ƙare, sai ƙwayoyin su rasa abin da ke raba su, su manne wa juna, madara ta zama kindirmo. Abin da ya faru a ƙwaryar nan shi ne abin da mai haɗa magani yake tsoro a cikin kwalbarsa, don haka yake auna ƙarfin cajin ɗigonsa da wani mizani da ake kira zeta. Ana sa ɗigon tsakanin wayoyi biyu masu lantarki, a duba wajen da ya nufa da saurin da yake yi, a fitar da lissafi da milibolt. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce idan ma'aunin ya kai 30, ko ta ɓangaren tarawa ko ta ɓangaren ɗebewa, ɗigon zai daɗe bai dunƙule ba.

Da a ce zaman kwalba ne kaɗai abin lura, da magana ta ƙare, amma magani ba don kwalba aka yi shi ba. Da zarar an haɗiye shi sai ya faɗa cikin tumbi, inda tsami yake da ƙarfi ƙwarai, ma'auninsa tsakanin 1 da 3 idan ciki babu abinci (a ma'aunin tsami, ƙaramar lamba ita ce tsami mai ƙarfi), kuma kun riga kun ji abin da tsami yake yi wa cajin ɗebewa. Ɗigon da ya tsira daga nan sai ya gangara ƙaramin hanji, inda tsamin yake raguwa ma'aunin ya koma wajen 6 zuwa 7, kuma a nan ne ake tsotse mafi yawan abinci da magani. Zamansa a wurin bai wuce sa'a 3 zuwa 4 ba a galibi, kuma cikin wannan ɗan lokaci dole ne ya wuce shamaki biyu, ɗaya bayan ɗaya.

Shamaki na farko shi ne yauƙin da ya lulluɓe bangon hanji, wanda aka halitta domin ya kare mu daga ƙwayoyin cuta da kaifin abin da muke ci. Yauƙin nan saƙa ce ta wasu dogayen zare masu ɗauke da cajin ɗebewa, kuma ba a zaune yake ba, kullum jiki yana zubar da na sama yana yin sabo daga ƙasa. Shamaki na biyu kuwa shi ne fatar ƙwayoyin halittar da suka yi sahu suka zama bangon hanjin kansa, ita ma cajinta na ɗebewa ne. To ku duba wannan al'amari da kyau. Ɗigo mai cajin tarawa shi ne wanda fatar bangon take maraba da shi, ta jawo shi, ta haɗiye shi. Amma kafin ya isa gare ta yauƙi ya riga ya cafke shi, domin shi ma jawo shi yake yi, kuma idan ya maƙale a saman yauƙin, tare za a share su a fitar. Ɗigo marar rinjayen caji, ko mai ɗan cajin ɗebewa kaɗan, yana sulalewa ta ramukan saƙar ya wuce, amma idan ya isa bangon babu abin da zai sa a karɓe shi da sauri. Gaba kura, baya sayaki. Abin da ya buɗe ƙofar farko shi yake sa ta biyu ta yi nauyi, abin da ta biyu take so kuma shi ta farko take kamawa.

Saboda haka masana suka rabu, kusan a ce mazhaba uku. Ta farko, wadda ta fi daɗewa, ta ce mannewa a yauƙi ni'ima ce, domin tana tsawaita zaman magani a hanji har ya sami sararin fita daga ɗigon ya ratsa da kansa. Mabiyanta sukan shafe ɗigon da kitosan, wani sinadari mai cajin tarawa da ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, wanda kuma aka ga yana ɗan sassauta ɗinkin da ke tsakanin ƙwayoyin bangon hanji na wani lokaci. Sai dai kitosan yana riƙe cajinsa ne a inda akwai ɗan tsami, idan ma'aunin tsami ya haura wajen 6.5 sai ƙarfinsa ya ragu, ga shi kuwa wani babban sashe na hanji haka yake. Mazhaba ta biyu ta yi ƙarfi ne bayan aikin Justin Hanes da almajiransa a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, waɗanda suka nuna a 2007 cewa idan aka lulluɓe ɗigo da wani sinadari mai son ruwa marar caji, wanda ake taƙaita sunansa da PEG, lulluɓi cikakke marar giɓi, to yana ratsa yauƙin jikin ɗan Adam da saurin da ba a zata ba. Hujjarsu sun ɗauko ta ne daga ƙwayoyin cuta na bairos, waɗanda wasunsu fatarsu cike take da caji iri biyu daidai wa daida, har ya zama babu rinjaye, kuma da haka suke ratsa yauƙi kamar suna cikin ruwa. Mazhaba ta uku ta nemi ta haɗa fa'idodin biyun. A Jami'ar Insburuk ta ƙasar Ostiriya, Andreas Bernkop-Schnürch da jama'arsa suka yi ɗigo wanda a cikinsa akwai cajin tarawa, amma aka rufe shi da gutsattsarin fosfet masu cajin ɗebewa. Da wannan sutura yake ratsa yauƙi, idan ya isa bangon hanji kuwa, akwai wani sinadari mai yanka fosfet da jiki ya ajiye a daidai wurin domin aikin narkar da abinci, shi zai yanke suturar, cajin ya juya zuwa tarawa a bakin ƙofar da ake bukatarsa. A ganina wannan ita ce dabara mafi kyau daga cikin ukun, domin ta yarda da halittar hanji yadda take, ta yi aiki da ita.

Amma wajibi ne in yi muku adalci a cikin bayani, kada ku tashi da zaton an gama. Mafi yawan waɗannan gwaje-gwaje a jikin ɓeraye aka yi su, ko a kan ƙwayoyin halitta da aka raina cikin faranti, kuma sakamakonsu bai zama ijma'i ba: a wani binciken mai tarawa ne ya yi rinjaye, a wani mai ɗebewa, a wani kuma marar caji. Sababin saɓanin a fili yake ga wanda ya yi tunani. Cajin da aka auna a kwalba cikin tsabtataccen ruwa ba shi ne cajin da ɗigon yake da shi ba bayan ya yi minti goma a hanji, domin gishirin maɗaciya, wanda shi kansa mai ɗebewa ne, yana hawa kansa, ragowar abinci tana manne masa, sinadarin da ke narkar da kitse kuma yana cinsa tun daga waje, har sau da yawa ɗigon ba ya isa bango da siffarsa ta asali, sai dai maganin ya koma cikin waɗansu ƙananan ɗigo da jiki ya ƙera da kansa. Wani kaso ma yakan bi hanyar kitse, ta jijiyoyin farin ruwan nan da ke ratsa kaluluwa, ya shiga jini ba tare da ya fara biyawa ta hanta ba, wadda takan lalata wani sashe na magunguna da yawa kafin su kai ko'ina. Bayan haka akwai illa: caji mai tarawa idan ya yi yawa yana huda fatar ƙwayoyin halitta ya yi musu lahani, don haka ba a ƙara shi sai da awo. Wanda ya ce muku alama kaza ita ce daidai ga kowane magani ya faɗi abin da hujja ba ta kai ba. Girman ɗigo, da irin kitsen, da ɗabi'ar maganin, da abin da majinyaci ya ci, duka suna da hannu a hukuncin.

Kada kuma a ɗauka duk abin yana cikin littafi ne kawai. Ɗigon maiƙo shi ne ya ɗauki sinadarin wasu alluran rigakafin korona da aka fara yi a ƙarshen 2020, kuma a can ma dabarar caji aka yi, domin kitsen da aka sa ba shi da caji a cikin jini, sai ya shiga wani ɗan aljihu mai tsami a cikin ƙwayar halitta sa'an nan ya zama mai tarawa ya saki kayansa. Amma waccan allura ce, ba ta bi ta hanji ba. Na baki kuwa, a nahiyarmu aka yi ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da suka fi jan hankali. Akwai wani tsohon magani, amfoterisin, da ake yi wa masu wani irin sanƙarau da ke kama waɗanda cutar ƙanjamau ta raunana, wanda ba a iya ba da shi sai ta jijiya, kuma yana wahalar da ƙoda. Aka naɗe shi cikin wani maiƙo mai cajin ɗebewa, aka ɗaure naɗin da kalsiyam mai cajin tarawa, aka ba majinyata a Yuganda suka sha ta baki, kuma sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna sun jure shi fiye da na jijiya. Har yanzu bai zama maganin da ake rabawa a asibitoci ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, ya 'yan'uwa, shi ne kitsen da ake wannan aiki da shi ba baƙonmu ba ne. A Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, Farfesa Anthony Attama ya yi shekaru yana ƙera irin wannan ɗigo, har da kitsen akuya, kuma shi da abokan aikinsa sun gwada sa atemita da lumefantirin a cikin ɗigon maiƙo. Man kaɗanya kuwa, wanda iyayenmu mata na ƙasar Donga da Borgu suke tsintar 'ya'yansa da damina, su dafa, su shanya, su daka, su kirɓa da hannu har ya tashi fari, yawancinsa sinadarai biyu ne, sitiyarik da oleyik, kuma na farkon yana cikin kitsen da aka fara yin ɗigon daskararren maiƙo da shi a Turai. Yana daskare a inuwa, yana narkewa kusa da zafin jikin mutum, kuma an riga an gwada shi a wannan aiki a ɗakunan bincike na ƙasashen waje. Jugu da Paraku garuruwa ne da suka tashi a kan hanyar fatake, lokacin da ayarin Hausawa yake bi ta nan zuwa Gwanja ya komo da goro, kuma har yau abin da muka fi sani shi ne mu ɗora ɗanyen kaya a mota mu sallame shi. Jami'ar Paraku, wadda aka kafa a 2001, tana da sashen koyon likitanci, kuma ina roƙon ɗalibanta da malamansu da ke jin muryata su dubi wannan fage da idon basira, domin tambayar yadda ɗigon man kaɗanya zai kasance a cikin hanjin yaron da ya sha koko da safe, a cikin zafin watan Maris na arewacin Benin, ba wanda zai damu ya amsa ta kamar wanda ƙanensa ne yaron.

Kafin wannan buri ya cika, Coartem da ke hannunmu yau ƙwaya ce ta al'ada, babu ɗigon maiƙo a cikinta, don haka maiƙon daga tukunyarku zai fito. Ba a bukatar abu mai tsada. Kunun gyaɗa ya isa, madarar shanu dafaffiya ta isa, loma kaɗan ta sakwara da miyar gyaɗa, ko yankin wagashi, ko awara soyayya, ko tuwo da ɗan man shanu, kowanne ya wadatar. Jariri mai shan mama kuwa nonon uwarsa ya ishe shi, a ba shi kafin magani ko bayansa nan take. Idan majinyaci ya kasa cin komai, kada a jinkirta maganin domin jiran abinci, a ba shi a kan lokaci, sa'an nan a lallashe shi ya sa wani abu a ciki da zarar ya iya. Sha na biyu yana zuwa ne bayan sa'a 8 da na farko, sa'an nan safe da yamma a kwana biyun da suka rage, kuma yawan ƙwayoyin yana bin nauyin jiki, daga ƙwaya 1 ga ƙaramin yaro zuwa 4 ga wanda ya kai kilo 35, saboda haka ba a raba kason babba ga yara biyu. Idan ya yi amai cikin sa'a guda da shan maganin, a sake ba shi wani, a koma wurin ma'aikacin lafiya a karɓi madadin abin da ya zube. Wanda amai ya ƙi tsaya masa, ko yake suma, ko yake jijjiga, ko ya kasa zama da kansa, wannan ya wuce maganin baki, allura yake bukata, a garzaya da shi asibiti ko da tsakar dare ne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti.